Kartar Sakaina

Shekaranjiya matar ƙaramin ɗana ta manta ludayin duma a bakin murhu, wuta ta lashi gefensa. Ina zaune a ƙofar ɗakina ƙaurin ya iso ni. Ita tana ta faɗa da yara kan wa ya ajiye shi can, ni kuwa hankalina ya riga ya yi nisa. Ƙaurin duma ba irin na itace ba ne, ba kuma irin na tsumma ba. Yana da ɗaci-ɗaci, yana kama maƙogwaro. Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai zanen ƙwarya ya san shi.

Ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba. Jikata ke rubuta wannan, na kuma gaya mata abin da na faɗa shi za ta sa, kada ta yi masa kwalliya. Kai mai karatu, in labarin ban tausayi kake nema, ka nemi wani. Ni makaho ne, na tsufa, ina cin tuwona. Labarin karta zan ba ka.

Agana ta shigo mana Fakku da bazara, ana saura kamar shekara a ce Turawa sun miƙa mulki. Ina da shekara tara ko goma, ba wanda ya rubuta. Kafin nan masu lambar rigakafi sun taɓa zuwa, iyayenmu mata suka cusa mu cikin rumbuna suka rufe, don an ce wanda aka tsaga wa hannu ba ya haihuwa. Ban ga laifinsu ba, abin da suka sani ke nan. Da ciwon ya zo bai bar gida ko ɗaya ba a unguwarmu. Ya ɗauki babana, ya ɗauki ƙanena na goye. Ni ya bar ni, ya karɓi idanu. Na tashi daga tabarma da zanzana a fuska, ina jin zafin rana a goshina, ina tambayar mutane yaushe gari zai waye.

Innata ta gama takaba, danginta suka zo suka tafi da ita Dogon Daji. 'Ya'ya na gidan uba ne, saboda haka ni da ƙanwata muka zauna hannun kaka, uwar babana, cikin gidan da baffa ke riƙe da shi. Baffa yayan babana ne. Ba azzalumi ba ne, kada ka ɗauke shi haka. Mutum ne da ke kwana da tunanin rumbu yana tashi da shi, ga bakuna da yawa, ga ƙanensa da ke taya shi noma ya mutu.

Da shekara ta zagayo damina ta sauka, kowane namiji ya saɓi hauya ya fita. Ni aka bar ni gindin danga ina korar kaji daga shanya da kunne. Wata rana bayan la'asar na ji baffa yana magana da kaka a ƙofar ɗakinta. Bai ko rage murya ba, don mutane sukan ɗauka wanda ba ya gani ba ya ji. Ya ce ya haɗu da wani dattijon makaho a kasuwar Tambuwal, mai riƙe yara irina a unguwarsu, yana koya musu waƙar bara da hanyoyin gari. Sun gama magana, in an ƙare sussuka zai zo ya tafi da ni. Ya ce can zan sami irina, in sami abinci, in na girma su yi mini aure cikinsu. Kaka ta ce jikanta ba zai tsaya ƙofar kowa ba. Ya ce to ta nuna masa kunyar da zan nome. Abin da na sani kawai, an karɓe mini uba, an karɓe uwa, an karɓe ido. Gidan nan ne ya rage, shi kaɗai ƙafata ta sani ba sai an ja ni ba. Na ce a raina wannan ba za a karɓa ba. Yadda zan hana kuwa, ban sani ba.

A wannan daminar ne karta ta shigo garinmu. Babban ɗan baffa, wanda muke ce wa yaya, ya dawo daga cin rani a Kurmi da wando mai aljihu, da madubi, da ita. In an taso daga gona samari sukan taru gindin tsamiyar da ke bayan rumbunanmu, inda idon baffa ba ya kai. Ina jin ƙarar buga ta kan tabarma, ina jin gardama da dariya. Da can ni ma ɗan langa ne, ina kuma taɓa dara. Yanzu duk sun fi ƙarfina. Na bi ƙarar da laluben danga har na isa, na ce a ba ni in ji. Yaya ya sa mini ɗaya a hannu ya ce wannan sarki ne, ya sa wata ya ce wannan mace ce. Na shafa gaba, na shafa baya. Santsi ne kawai, duk iri ɗaya. Suka raba da ni don nishaɗi, wani ya tsaya bayana yana gaya mini wadda zan jefa, yana kuma yi wa sauran alama. Ina jin dariyar da suke dannewa. Na watsar da ita na tashi.

Ba a daɗe ba magana ta kai kunnen liman, daga liman ta kai kunnen baffa. Ya karɓe kartar ya jefa wuta, ya ce caca ba ta kwana gidansa, yaya ya sha sanda duk da gemunsa ya fara fitowa. Ban ji tausayinsu ba. Amma ƙarar nan ta buga abu kan tabarma, da yadda mutane ke matsowa kusa da juna saboda ita, ta ƙi barin kunnena. Sai na ce zan yi tawa, wadda ba ruwanta da ido.

Na fara da kaba. Na yanka, ta bushe, ta nannaɗe, ta tsage. Na roƙi ƙanwata ta tsinto mini guntayen fata a rumfar baduku, ɓera ya cinye su a kwana ɗaya. Yaya ya ba ni kwalin sukari, zufar hannuna ta mayar da shi tsumma. Ina cikin wannan neman na taka wani abu a lungun ɗakin kaka, ya soke ni a tafin ƙafa. Na ɗauka don in jefar, sai yatsana ya faɗa cikin wani layi. Na bi shi, ya lanƙwasa, ya haɗu da wani. Na san zanen. Fasasshiyar ƙwaryar furar babana ce. Tun da ciwo ya tashe ni, wannan ne abu na farko da na gani sosai, da yatsa.

Sana'ar kaka ke nan, zanen ƙwarya. Takan sa wuƙaƙenta na ƙarfe cikin garwashi su yi ja, ta ja layi a bayan ƙwarya, hayaƙi na tashi. A lungun nan take tara sakaina, wato fasassun da ba su gyaruwa. Na kwaso su na zube gabanta. Wasan jika da kaka bai mutu tsakaninmu ba ko a wannan shekarar, maigidanta take ce mini.

"Maigida, mi za ka yi da tarkacena? Ko sadakin nawa ne ka kawo?"

Na ce karta zan yi. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Ta ce in faɗi abin da nake so ta zana mini. Na ce a'a, ni zan zana. Ta ce to in na ƙone kada in yi mata kuka. Na ƙone, ban yi ba. Da farko tana riƙe wuyan hannuna tana kai shi ga ƙotar wuƙa, daga baya ta saki. Na koyi sanin zafin ƙarfe ta hanyar kawo shi kusa da kumatu. Na koyi sa babban yatsa a gefen sakaina ya zama iyaka. Tabon yana nan har yau, jikata ta ce fari ne.

Aikin ya ci sauran damina. Na yanka ɗaya daidai tafin hannuna na mai da ita ma'auni, kowace sai ta yi daidai da ita. Ina goga gefunansu kan tsohon dutsen niƙa, ƙanwata na ɗiga mini ruwa. Ruwan sama na bugun jinka, ɗaki na warin danshi da hayaƙi, kaka na gefe tana kaɗi tana yi mini tsiya, wai ta auri masassaƙi ba ta sani ba.

Ban san sarki da mace na kartar yaya ba, ban kuma damu da su ba. Abin da na sani na sa. Na yi gida huɗu. Gero ɗige-ɗige ne. Dabba kofato ce, layi biyu da suka haɗu a sama. Ruwa layi ne mai lanƙwasa. Ɗaki da'ira ce. Girman kowace kuwa tsaga ce a gefe, mai tsaga da yawa ta ci mai kaɗan. Sannan kowane gida na yi masa masifarsa, don haka na ga duniya take: fara ga gero, kura ga dabba, rani ga ruwa, gobara ga ɗaki. Waɗannan na yi musu ɗan gurbi a tsakiya. In an jefa gero, kowa ya bi da gero, mai babba ya kwashe, sai fa in wani ya saki fara, to shi ya kwashe duka. Ba wanda ya fi tarawa ke cin wasa ba. In an ƙare, kowa ya baje abin da ya ci. Wanda ke da gero da dabba da ruwa da ɗaki, ko ƙanana ne, ya zauna. Wanda ya rasa ko ɗaya, ko ya tara tulin sauran, an tashe shi, sai ya koma bayan tabarma.

Akwai guda da ban zana mata kome ba. Na goge ta sumul gaba da baya, na sa mata suna makaho. Ba ta cin kowa, ba mai cin ta. Amma wanda wasa ya ƙare tana hannunsa, ko ba shi da kome, ba a tashinsa. Ƙannen yaya suka ce wannan son kai ne. Na ce ni na yi wasan, wanda bai so ya je ya yi nasa.

Muka fara da ƙanwata da ƙannen yaya biyu. Abin mamaki, kullum ni ake tashi. Ni na yanka, ni na zana, na san kowace kamar haƙorina, amma in na riƙe kura ba mai jefa babbar dabba, in na riƙe fara sai kowa ya ɓoye geronsa. Na fara tunanin ko nan ma an rufe mini ƙofa. Sai wata rana muna mu biyu ƙanwata ta matso, murya ƙasa-ƙasa don tsoron 'yan gidan, ta ce, "Ana ganin su fa." Na ce ganin me, ai zanen yana fuskantata. Ta ce ba zanen ba, bayan. Kura tana da jan tabo. Fara daga tsohuwar ƙwaryar da ta yi duhu take. Babban gero fari ne tas. Duk abin da ke hannuna sun san shi tun daga nesa.

Cutar da suka yi mini ba ta dame ni ba kamar wannan: na manta ƙwarya tana da launi. Shekara ɗaya kacal, na manta. Na zauna da wannan har yini ya wuce, ban ci abinci ba. Washegari na ce wa kaka ta kankaro mini baƙin tukunya ta ba ni man kaɗe. Na kwaɓa, na murje kowace sakaina ciki da baya, na shanya, na sake murzawa, har ƙanwata ta ce duk sun zama gawayi, ko zanen ba a gani sai an ƙura ido. Ban tsaya nan ba. Na ɗauko burgamin marigayi kakana, jakar fatar akuya da ke rataye a ɗakin kaka, na zuba su ciki. Na sa sabuwar doka. Daga cikin jaka kowa zai zaro rabonsa. A ƙarƙashin riga zai riƙe. In zai jefa, a kife zai ajiye, kowa ya kai hannu ya shafa. Wanda ya leƙa an tashe shi nan take, ƙanwata ce mai tsaron wannan, kuma ba ta da sassauci.

Daga ranar wasa ya juya. Masu ido suka koma lalube. Yaya da abokansa, da ba su da abin yi tun da aka ƙone tasu, suka matso suna dariya, suka zauna, suka kasa tashi. Hannun noma duk kanta ne, ba ya bambanta ɗigo da tsaga sai ya daɗe yana murza. Yaya yakan jefa ɗaki yana rantsuwa ruwa ne. In gardama ta tashi ni ake miƙo wa, abin da na ce shi ne. Wata rana ina zaune gindin danga na ji wani saurayi daga ƙofar gida yana tambaya ko ina nan, a ce in fito ana jirana. Tun da na makance ba wanda ya taɓa zuwa nemana. Na ɗauki jakata, ban yi sauri ba, na bar su suka ɗan jira.

Baƙin tukunya ne ya tona mu. Gero ya nuna, an shiga girbi, sai iyaye mata suka fara ƙorafin kowane yaro a unguwa rigarsa ta yi baƙi daidai ciki. Baffa ya lura da yatsun yaya a bakin akushi. Bai yi tambaya ba, ya bi sawu har gindin tsamiya, ya same mu da rana tsaka, ga dammunan gero a gona ba a gama ɗaurewa ba. Nan kam yana da gaskiya, samari sun fara zamewa daga aiki. Kowa ya watse, ni na zauna, don ba ni da inda zan ruga. Ya tattara sakainar, ya ja ni har ƙofar ɗakin kaka, ya juye jakar cikin murhunta. Abin da aka murje da mai ba ya wahalar ci. Ina jin su suna fashewa ɗaya bayan ɗaya. Ya ce karta karta ce, ko ta takarda ko ta duma. Ya ce kwanakin da suka rage mini gara in koyi sunkuyar da kai, don inda za ni ba a son mai taurin wuya.

Na laluba inda kaka ke ajiye wuƙaƙenta, na zaro ɗaya, na tura ta cikin garwashin kartata, na zauna ina jira ta yi zafi. Yana tsaye, ina jin numfashinsa. Matsalar ita ce sakainar lungu ta ƙare, na cinye ta duka a karon farko, kaka ma ta sani. Sai na ji ta tashi, ta shiga ɗaki, ta fito. Ta kife wani abu a ƙasa. Na ji ƙarar fashewa, irin ta babbar ƙwarya mai kauri. Ita ce wadda ta fi so, wadda take dama fura a ciki in an yi baƙi.

"Ga sakaina, maigida," in ji ta.

Baffa ya ce, "Inna."

"Ƙwaryata ce, ƙafata ce."

Mutum ba ya faɗa da uwarsa a tsakar gida. Ya juya ya fita. Amma maganar Tambuwal ba ta canza ba, ya ma aika a tuna wa dattijon. Na yi karta ta biyu cikin ƙaiƙayin sussuka, ana bugun zangarniya a bayan gida, mata na sheƙa. Ta fi ta farko kyau, don hannuna ya riga ya san hanya. Ba mai zuwa wasa yanzu, an tsorata su. Ni da ƙanwata kawai muke yi a ɗakin kaka. Duk bugun da na ji daga masussuka, na san lokacina ne ke raguwa.

Dattijon ya zo ranar kasuwarmu, kan jakin masu sayen hatsi, matarsa na riƙe da shi. Aka sauke shi a zaure, aka kawo ruwa da fura, aka kira ni. Kaka ta ƙulle mini rigunana a tsumma, ba ta yi kuka ba, ta dai ƙulle shi da ƙarfin da ya fi kima. Na shiga da burgamina a kafaɗa. Na zaci zan tarar da dodo. Sai na ji murya mai kauri, mai sanyi, da warin goro da taba gari. Ya gaishe ni kamar babba, ya tambayi gajiyata. Da na durƙusa jakar ta yi ƙara.

"Mi ke cikin jakar ga, yaro?"

Baffa ya ce shirme ne na yara. Dattijon ya ce a miƙo masa shirmen. Ya zura hannu, ya shafa. Kafin in buɗe baki ya ce wannan ɗige-ɗigen hatsi ne, wannan kuma sawun akuya. Ba wanda ya taɓa karanta su da sauri haka. Ya ce in gaya masa yadda ake yi, na gaya masa a taƙaice. Ya ce in raba. Baffa ya yi gyaran murya, amma mutumin baƙo ne, dattijo ne, kuma shi baffa ya kira shi. Haka aka buga karta a zauren baffa, yana zaune yana kallo.

Dattijon ya ci ni. Tun da na murje su da baƙi ba wanda ya taɓa cina da gaskiya sai shi. Ya riƙe rani har ƙarshe, ya shanye mini ruwa, ya tashe ni. Ya yi dariya har yana bugun cinya, ya ce tun yana saurayi da idonsa ya tafi ba wanda ya sake zama da shi wasa, sai dai a ba shi sadaka a wuce. Muka sake, na rama. A karo na gaba ne hannunsa ya faɗa kan mai sumul ɗin. Ya juya ta, ya sake juyawa, ya ce wannan an manta ba a zana ta ba. Na ce ba mantuwa ba ce, na gaya masa sunanta da dokarta.

"Wanga ƙarya ne, yaro. Makaho ana tashinai. Ni da kaka ji, sau nawa anka tashe ni."

Na ce, "A wasana ba a tashinsa."

Ya ajiye ta. Ya ce to, a yi abin da ya kawo shi. Ya ce shi murya ya zo ji, don yaro da amshi yake fara cin abinci a wurinsu. Ya ja baiti ɗaya na waƙarsu, muryarsa ta cika zauren, har matan cikin gida suka yi tsit. Ba zan ɓoye maka ba, waƙar tana da daɗi. Ya tsaya inda zan amsa. Na rufe bakina. Ya sake ja, ya sake tsayawa. Baffa ya ce in amsa. Na ce ba ni yi. Ya kai mini mari, kunnena ya yi ƙara, na gyara zama, ban amsa ba.

Dattijon ya ce a bar ni. Ya ce in miƙo hannuwana. Ya bi yatsuna ɗaya ɗaya, ya tsaya kan tabon ƙuna, ya matsa, ya saki. Sannan ya juya wajen baffa. Ya ce ya sha ɗaukar masu kuka, ya sha ɗaukar masu cizo, duk ba su ba shi wahala, don mai kuka ƙarshenta waƙa yake yi. Amma wanda aka mara ya gyara zama, wannan ciyar da shi asara ce. Ya ce in ya kai ni, zan zauna cikin yaransa in raba musu sakaina, gari ya waye ba mai fita.

"Ku riƙe abinku, ni ba ni iyawa. Ku ba shi rama shi tufka igiya. Hannun da ya yi wanga ba ya rasa tuwo."

Da zai tashi ya tattara kartar ya zuba a jaka, ya rataya a kafaɗarsa, ya ce ladan hanyarsa ke nan, tun da an sa shi ya zo a banza. Na buɗe baki zan yi magana, kaka da ke laɓe a ƙofar ciki ta miƙo hannu ta mintsine ni a baya. Na ji ƙarar sakainata tana nisa tare da takun jaki.

Baffa bai yi mini magana ba har aka kwana biyu. Ba don ya yarda da ni na zauna ba, don ba shi da wanda zai miƙa ni gare shi ne. Bayan nan ya jefo mini ɗaurin rama a gabana, ya ce gero a gidan nan ba kyauta ba ne. Wani tsoho maƙwabcinmu ya nuna mini tufka. Na fara da igiyar ɗaure akuya, na kai ga ta guga, na kai ga ta raƙumi. Baffa ke kai su kasuwa. Bai taɓa yabawa ba. Yakan taka ɗaya da ƙafa ya ja da dukan ƙarfinsa, in ba ta tsinke ba ya naɗe ya saɓa. Har ya rasu haka muke, kuma ni na ɗauki wannan a matsayin magana.

Na yi karta ta uku, na yi ta huɗu, baffa ya daina ganin su. Daga baya masu zuwa kasuwar Tambuwal suka kawo labari wai a unguwar makafi ana wani wasa da sakaina, ana gardama har a ji daga hanya. Suka ce amma sun ɓata shi, don sun yi ta ƙara masu sumul har kowa ya sami tasa, ba a tashin kowa. Na yi dariya ranar. Ban raina waɗanda suka tafi can ba, ko da can ko yanzu. Da yawansu ba su da kaka mai taka ƙwaryarta.

Yau agana ta ƙare, an ce ko'ina a duniya babu ita. 'Ya'yana da jikokina duk an yi musu lamba, ni da kaina na tsaya a kai, na ce wanda ya ɓoye mini yaro a rumbu zai gamu da ni. Ƙwarya ta ja baya, roba ta cika gida, in ta fashe ba abin da ake yi da ita. Igiyar roba ta kashe mini kasuwa, amma ta makara, na riga na aurar da na aurarwa. Yara yanzu a waya suke kartarsu, kowa shi kaɗai, ba ka jin ƙarar tabarma, ba ka jin gardama.

Babban ɗana yana aiki a Tambuwal. Ya gina mini ɗaki a gidansa, da siminti da fanka, kusa da asibiti. Duk zuwan da ya yi sai ya tayar da maganar, ya ce tsufa ya zo, a can za a fi kula da ni. Yana da gaskiya, yadda baffa ma yake da tasa. Na gode masa, na ce a'a. Tambuwal na sha zuwa da igiyata a kai, in sayar, in dawo da ƙafata. Amma zama, a Fakku nake zaune. Ranar da za a fitar da ni daga gidan nan a kafaɗa za a ɗauke ni, kuma maƙabartarmu ba ta da nisa.